Dabinon Ƙwallon da Inna Ta Hana a Sare

Bana iskar samum ta taso wa Madina da wuri. In na buɗe tagar ɗakin girki sai in ji kamar an buɗe mini murfin tanda a fuska, tattabarun da ke fakewa a jikin mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, ma da baki buɗe suke wuni. A irin wannan rana ce, bayan la'asar, ɗana ya shigo da kwalin dabino ya dire a gabana. Sunan kakansa aka sa masa, don haka Abba nake ce masa. A wani shagon dabino kusa da Harami yake aiki, yana sayar wa alhazai, kuma tun rasuwar babansa shi ke duba 'yar gonarmu ta Khaibar.

"Ɗanɗana, ya ummi," in ji shi. "Majdul ne. Dubi girmansa."

Na duba. Kowane ɗaya ya kai yatsu biyu a haɗe, yana ta sheƙi. Na gutsuri rabi na ajiye rabi. Zaƙi ne zalla, irin wanda ke sa mutum neman ruwa tun bai haɗiye ba.

"Shi za mu dasa a mazra'a, kullu," ya ce. "An kawo 'ya'yan, irin waɗanda ake reno a kwalba. Bas tsofaffin nan uku sun tsaya a kan hanyar bututun ruwa. In an gama yankan bana motar haƙa za ta zo ta tumɓuke su, khalas."

Rabin maganar da Larabci ya yi ta. Haka yake tun yana ƙarami, in zai faɗi abin da ya san ba zan so ba sai Hausa ta yi masa nauyi.

"Waɗanne uku?" na ce, alhali na sani.

"Dabinon ƙwallon nan, ummi. Ko suna ba su da shi a kasuwa. Sun yi tsawo, babu mai son hawa, kuma abin da suke bayarwa ko akuya..."

"Ƙarasa mana," na ce.

Bai ƙarasa ba. Raina ya ɓaci ɓacin da na daɗe ban yi ba. Kuma rabin fushin ba nasa ba ne. Maganar da ya ɗauko ya kasa direwa, ni na taɓa dire ta da bakina, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce.

Ni 'yar Madina ce, a nan aka yanke mini cibiya. Kakannina da ƙafa suka zo ta Sudan, suka sauke farali suka zauna. Ranar da aka kai ni Khaibar gidan Malam Garba na ɗauka bayan duniya aka kai ni: baƙin dutse ko'ina ka juya, gidajen laka, sauro, sai dabino a cikin kwari. Surukata Inna Hauwa kaɗai na tarar, mijinta ya riga ya rasu. Ƙwadago ya kai shi garin, ya yi wa wani mai gona aiki shekaru, aka yanka masa zirin ƙasa can ƙarshen kwarin, inda ruwan marmaro ke isa a gajiye. Ba shi da halin sayen fasila, wato 'yar da ke tsirowa a gindin uwar dabino a cire a dasa. Sai suka bi hanyar talaka. Duk dabinon da aka ci a gidan Inna ta tara ƙwallayen, su je su binne a bakin hanyar ruwa.

Wanda ya shuka ƙwallo sai ya yi haƙuri. Shekara bakwai ko takwas kafin ka san mace ce ko namiji, rabi su fito maza a sare, matan kuma kowace da halinta, don ƙwallon dabino ba ya maido uwarsa. Fasila kaɗai ke maido uwa. Abin da ya tsaya musu bishiya arba'in da tara, babu biyun da suka yi kama. Inna ta raɗa wa kowace suna kamar 'ya'yan cikinta. Akwai 'Yar Fari, mai nuna tun dabinon kowa yana kore. Akwai Tsakuwa, wadda 'ya'yanta ke bushewa a kan uwa, su yi tauri har ka ji tausayin haƙorinka, amma su shekara biyu a gwangwani babu tsutsa. Akwai Auta, mai jan ƙafa, ba ta nuna sai kowa ya gama yanka ya share gonarsa sanyi ya fara shigowa.

Zuwana ganin gida na farko na cika buhu da dabinonmu, ina taƙama na zo da abin gonar mijina. Yayata Asabe, wadda ke kasa dabino a faranti tana sayar wa alhazai, ta zura hannu ta ɗebo, ta ɗaga a gaban baƙi.

"Rabi, wannan dabino ne, ko kashin akuya kika kwaso mana?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta miƙo mini Ambar ɗaya daga farantinta, dogo, mai nama, ta ce in ci in san abin da ake kira dabino. Da wannan dariyar na koma Khaibar, kuma da ita na sa Malam a gaba. In ya dawo daga gona ita ce sannu da zuwansa, in zai fita ita ce a dawo lafiya. Kowa yana dasa Ambar yana gina ɗakin siminti, mu muna gadin abin da alhaji ko kyauta ba ya karɓa. Malam mutum ne mai sanyi, ya yi ta ce mini, "Rabi, gonar baba ce." Na ce ai baban ma don bai samu ba ne ya shuka ƙwallo. Shekara guda na hana shi sakat, har ya gaji ya ce to.

Da sanyi aka yi saran. Maza huɗu da gatura, kwana shida. Dabino ba ya faɗuwa da sauri, sai ya yi ta ƙara kafin ya kwanta, ƙasa ta amsa har cikin ƙafarka. Duk wadda aka kayar sai a fasa kanta a ciro jummar, farar zuciyar da ke tsakiyar ganye, wadda ba a samunta sai an kashe bishiya. Aka rarraba wa maƙwabta, yara suna bin mu da kwanuka. Na ci, ina tuna garɗinta har yau, da ɗan zaƙi da sanyi a baki. Inna ko kallonta ba ta yi ba.

Rana ta bakwai saura guda tara a can ƙarshe. Da masu saran suka iso suka tarar Inna ta riga su. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiya, ga butarta, ga murhu ta kafa da duwatsu uku, har ta ɗora shayi.

"Waɗanda kuka sare na bar ku da su," ta ce wa ɗanta. "Waɗannan ni na ɗauko musu ruwa a kaina ina da cikinka. Ku dawo ranar da aka fitar da ni."

Malam ya sunkuyar da kai. Ni ce na matso, da bakina mai kaifi na 'yar birni, na ce, "Haba Inna, abin da suke bayarwa ko akuya sai ta ga dama take ci."

Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Allah ya ba ki tsawon rai, 'yar nan." Ta ci gaba da fifita wutarta. Masu saran suka saɓa gatura suka tafi.

Muka dasa fasilar Ambar arba'in, a layi, gwanin sha'awa. Abin da ban sa a kaina ba shi ne fasila tana ɗaukar shekara huɗu ko biyar kafin ta ba ka komai, ciki kuwa ba ya jira. Lokacin ana ta gine-gine a Yanbu, sai Malam ya tafi can aikin ƙarfi, yana zuwa mana lokaci-lokaci. A shekara ta biyar Allah ya ba ni Abba, kuma a shekarar Ambar ta fitar da zangarniyar farko. Malam ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa musu furen namiji ya ɗaure, ya hau tsofaffin nan tara ya yi musu haka, ya koma. Har na fara tsara yadda zan dire wa Asabe kwali a gabanta. Bai yi wata biyu da komawa ba aka dawo mana da shi kwance a bayan mota, ya faɗo daga gini ƙafa ta karye a wuri biyu.

Sai marmaro ya fara ja. Ruwan gari rabo ake yi, kowace gona da ranarta, mu na ƙarshe duk bayan kwana shida yake zagayowa kanmu. A da in an buɗe mana sai ka ji shi yana tahowa da ganye a kansa. Shekarar nan ya zama wani siririn abu mai rarrafe, ƙasa ta shanye rabinsa kafin ya iso, inda ya kwanta ya bushe kuma sai farin gishiri ya fito. Ni da Inna muka koma ɗauko ruwa a garwa daga rijiyar wani maƙwabci. Da an sallame asuba mu fita, Abba a bayana, garwa a kaina, mu yi sawu goma sha biyu kafin rana ta yi ƙarfi. Duk a gindin Ambar muke juyewa, don su ne jarirai, saiwarsu ba ta yi nisa ba. Tsofaffin ko ɗigo ba mu ba su ba. Inna da kanta ta ce a bar su, sun san inda suke sha.

Kwana kaɗan kafin azumi samum ta sauka. Wanda bai zauna tsakiyar baƙin dutse da samum ba bai san zafi ba. Dutsen ya sha rana ya maido maka ita daga ƙasa, iskar ta zo ta gefe ta busar da yawun bakinka. Takalmin roba yana laushi a ƙafa. Mukan jiƙa buhu mu rataye a ƙofar ɗakin da Malam ke kwance, kafin ka juya ya bushe ƙayau. A kwana na huɗu ina tsaye a gona na fara jin wata 'yar ƙara, tas, tas, kamar farkon yayyafi. Ambar ce ke zubar da 'ya'yanta korra. Duk arba'in ɗin tare suka fara, tunda dukansu jini ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya ya kama saura. Cikin mako guda na share amfanin shekara biyar da tsintsiya na zuba wa akuya. Ta ci kuwa, ba ta yi wani jan aji ba.

Haka azumi ya same mu. Buhun shinkafa ya ƙare tun a goman farko. Sai ɗan garin alkama, da ganyen shayi da muke shanyawa mu sake dafawa, da akuya ɗaya da nononta bai cika kofi biyu ba. Ba zan ce babu wanda zai taimake mu ba, amma garin duka a hali ɗaya yake, ni kuma girman kai ya hana ni aika wa gidanmu. In aika in ce me, bayan cika bakin da na yi?

Inna ta jawo gwangwanaye uku daga ƙarƙashin gadonta. Tsakuwa ce ta bara, wadda na sha cewa a zubar. Da hantsi takan zuba mudu guda a turmi in daka, ƙwallayen suna tsalle, ta tsince su ta ajiye, don su ma daga baya jiƙa su ake yi a ba akuya. Garin ta jiƙa shi a ƙwarya ta rufe da faifai ta ajiye kusa da randa. Kafin magariba ya saki, ruwan ya yi ja, ta tace ta zuba ɗan nonon akuya. Da shi muke buɗe baki, dusar kuma a cuɗa da garin alkama a gasa, ita ce sahur. Ana kiran salla in kafa kai in ji shi yana sauka har yatsun ƙafata.

Ranar tara ga wata Inna ta shigo da abu a tafin hannu ta buɗe mini. Dabino uku, rabinsu ya yi laushi. 'Yar Fari ta fara nuna, a shekarar da ba ta ga ruwanmu ba. Matsalar ita ce mai hawa. Malam a kwance, mazan gari kowa na fama da tasa gonar, Inna ta haura sittin. Ta ɗauko igiyar hawa ta Malam da wandonsa ta ajiye a gabana. Washegari da sassafe, kafin mutane su fito, ta tsaya gadi a bakin hanya riƙe da Abba, ni kuma 'yar Madina mai tsoron ƙadangare na zagaya igiya a ƙuguna na hau. Ƙaya ta tsaga mini hannu, ina hawa ina zagin kaina da duk zagin da na sani. Daga sama na hango layin Ambar ɗina, ganyensu ya yi toka-toka. Na tsinko waɗanda suka nuna na cika zanin da na ɗaura a wuya na sauko.

Na nace sai na yi azumi duk da goyo, ina ganin ko ta nan in rage wani abu. Ranar sha biyu nonona ya ɗauke. Abba ya kama ya ja ya saki ya tsala kuka, ya sake kamawa, har muryarsa ta dishe, maɗigarsa ta faɗa. Da tsakar rana Inna ta shigo da ƙwaryar nan ta jiƙon Tsakuwa, da ɗanyen 'Yar Fari a faifai.

"Sha," ta ce.

"Inna, ina azumi."

"Allah ya ɗauke miki, ke kika ɗora wa kanki. Yaron nan bai yi niyya da ke ba. Sha."

Na sha ina kuka. Kwana uku tana ɗura mini safe da rana da yamma, rabonta ma ni take turo wa tana cewa ta ƙoshi. A rana ta uku na ji ƙirjina ya yi nauyi, Abba ya kama, na ji yana haɗiya. Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Na so ta faɗa. Da ta zage ni da na samu abin mayarwa, ko na samu abin yin fushi da shi wanda ba ni ba. Shirunta ya fi samum ƙona ni.

Bishiyoyin nan tara suka riƙa miƙa mu hannu da hannu. 'Yar Fari na ƙarewa wata ta karɓa, wannan na ƙarewa wata ta karɓa, babu makon da muka rasa abin tsinka daga azumi har bayan babbar salla. Ƙanana ne, wasu ƙwallon ya fi naman yawa, wata ma da ɗan bauri. Maƙwabtan da suka mai da gonarsu iri ɗaya suka fara aiko yara da kwano, Inna ba ta mai da kowa hannu wofi ba. Tsakuwa ta bushe a kan uwarta muka sake cika gwangwanaye. Auta ce ta rufe, lokacin har an fara neman mayafi da asuba, Malam ya fara takawa da sanda. Sati guda bayan na yanke zangarniyarta ta ƙarshe hadari ya haɗo daga yamma. Ruwan farko da ya sauka a kan baƙin dutsen nan tururi ya yi, ƙamshin ya cika kwarin, muka tsaya a tsakar gida muka bar shi ya jiƙa mu. A cikin Ambar arba'in, goma sha ɗaya suka tashi.

Mutanen gari kuwa Malam suka ɗora wa laifi. Garba ya sare gonar ubansa, haka ake faɗa, har ya zama abin yi wa yara misali. Ko sau ɗaya bai ce matata ce ta sa ni ba, har ya koma ga Allah. Abba ya tashi yana jin kuskuren babansa ne, ni kuma na bar shi a haka. Ba zan yi ƙarya ba, daga baya da aka haƙa rijiyar inji Ambar ta yi mana rana, da ita muka dawo Madina muka kama gidan da nake zaune. Amma ko a lokacin ban yi hankalin cire fasila daga gindin tsofaffin in dasa ba, ina ganin kullum suna nan. Dabino in ya tsufa yana daina fitar da 'ya'ya a gindi. Shida suka mutu ɗaya bayan ɗaya bayan rasuwar Inna, kowace ta tafi da irinta. Saura 'Yar Fari, da Tsakuwa, da Auta, su ne ukun da suka tare wa ɗana hanyar bututu.

Na ce masa ya kai ni Khaibar ranar Juma'a kafin a taɓa komai. Ya ce inshallah, irin inshallar 'yan shago. Juma'a ta zo ya ce alhazai sun yi yawa. Wata ta zo ya ce zafi ya yi mini yawa. Aka yi ta haka har aka gama yankan bana. Ran nan ya dawo daga gonar da yamma ya miƙo mini wani ƙunshi a leda, ya ce Adam ne ya ce a ba Hajiya. Adam mutumin Chadi ne da ke kwana a gonar, ya fi shekara goma tare da mu. Abba bai buɗe ƙunshin ba, na tabbata, don da ya buɗe da bai iso da shi ba. Na warware jaridar da aka naɗe shi da ita. Jummar ce, fara sol, guda biyu.

Na daɗe ina kallonta. Sannan na kira shi da cikakken sunansa, abin da ban taɓa yi ba tunda na haife shi, har matarsa ta leƙo daga ɗakin girki.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya, ummi. Mai motar ba shi da wata rana. Wallahi na so in gaya miki." Ya shiga laluben aljihu. "Shufi, na sa an tara miki ƙwallayensu. Sai a shuka a wani gefe, su sake fitowa."

Ya zube mini su a tafin hannu. Mutum ya shekara ashirin yana sayar da dabino, ya san farashin kowane iri da Turanci da Turkanci, amma bai san ƙwallo ba ya maido uwa ba. Kuma wa zai koya masa? Ni ce ban koya masa ba.

"Shuka su," na ce. "Ka jira shekara takwas, rabi su fito maza, rabin su ba ka abin da babu wanda ya taɓa gani. 'Yar Fari ta tafi ke nan, babu irinta a duniya. Guda biyu na gani a nan. Ina ta ukun?"

"Tana nan. Adam ya hana."

"Gobe da asuba za ka kai ni, ko in sauka in tari tasi."

Mun isa da hantsi. Gonar ta zama fili, an ja layuka da farin zare, baƙin bututu a naɗe a gefe. Can ƙarshe ramuka biyu, kowanne zai haɗiye mota, kututturan an yanyanka an tara. Auta na tsaye ita kaɗai, ta yi tsawon da sai ka riƙe mayafi kafin ka ga kanta, da zangarniya biyar rawaya.

Adam ya taho yana goge hannu a riga. "Hajiya, ki gafarce ni. Biyun an riga an yanke 'ya'yansu, ba ni da ta cewa. Wannan kuwa na ce wa mai motar tana ɗauke da abinci, ba a sa mata ƙarfe sai ta sauke. Zuciyar kuma na aika miki ne don na ga bai kamata ki ji a bakin wani ba."

Jan ƙafar da na raina ta da shi, shi ya tsayar da ita. Na ce Adam ya kawo mini tabarmarsa da buta. Na shimfiɗa a gindinta na zauna, gwiwoyina suna ƙara.

"Ummi, zafin nan zai kashe ki," in ji Abba. "Kwana arba'in fa kafin ta nuna."

"Bai kashe ni ba ranar da nake saman 'Yar Fari kana ƙasa kana kuka. Zauna."

Ya tsuguna. Na ba shi labarin garwa, da igiya, da ƙwaryar da aka ɗura mini da rana tsaka don ya samu abin haɗiya. Wasu ya taɓa ji. Sannan na gaya masa wanda bai taɓa ji ba.

"Ba babanka ne ya sare gonar nan ba. Gatarin nasa ne, bakin nawa ne. Shekara guda ina cinsa da magana saboda yayata ta yi mini dariya. Ya ɗauki sunan ya tafi da shi kabari, ni kuma na ƙyale shi. Maganar akuyar nan da ka fara, ni na faɗa wa kakarka ita a daidai wurin nan."

Da ya buɗe baki da Hausa ya yi magana.

"Me ta ce miki?"

"Ta ce Allah ya ba ni tsawon rai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. An kuwa ba ni."

Ya miƙe ya tafi wajen zaren ya tsaya yana kallonsa, ya dubi Auta, ya sake duban zaren. Na ji yana tambayar Adam ko bututun zai iya zagayawa. Adam ya ce roba ce, tana lanƙwasuwa, tun farko ma ya faɗa. Abba ya sunkuya ya tuge turakun layin ƙarshe da hannunsa ya matsar da su.

Ban yi masa godiya ba, fushina bai sauka ba, kuma ban ga ranar saukarsa ba. Da azahar ya zo ya kama hannuna ya tashe ni. Hanyar mota ta tsakanin ramukan nan biyu ta bi, da muka zo daidai su ya tsaya.

"Ki yafe mini, ummi."

Na dubi na dama, inda 'Yar Fari take, saiwoyinta a tsinke suna bushewa a rana. Na dubi na hagu. Na nemi zagin da zan yi masa, duk wanda na ɗauko sai in ga nawa ne.

"Allah ya ba ka tsawon rai, Abba," na ce.

Har muka kai mota bai ce amin ba.